Ba da Jingar Ɗakunan Magani

 

Yau za mu yi magana a kan wata dabara ce ta kiwon lafiya wadda ƙasashe matalauta da dama suka jarraba tun daga wajen 1997 zuwa yau. Dabarar kuwa ita ce, Gwamnati ta ɗauki ɗakunan maganinta na ƙauyuka da na unguwanni ta danƙa su ga wata ƙungiya ta sa-kai, watau ƙungiyar da ba riba ta ke nema ba, a rubuta sharuɗa, a yanka lada, ƙungiyar ta yi aikin, Gwamnati ta biya. Tambayar da mu ke so mu amsa ita ce, shin wannan dabara tana sa talaka ya sami magani, ko kuwa canjin suna ne kurum?

Kafin mu shiga, ya kamata mu san irin kiwon lafiyar da a ke nufi. Ba manyan asibitocin birni mu ke magana a kai ba, inda a ke fiɗa da ɗaukar hoton ƙirji. Muna nufin aikin da a ke yi a ƙaramin ɗakin magani na kusa da gida: awon ciki, da karɓar haihuwa, da allurar rigakafi ga yara, da maganin zazzaɓin cizon sauro, da na gudawa, da na ciwon haƙarƙari, da awon nauyin jarirai don a gane wanda tamowa ta fara kamawa. Wannan shi a ke kira kiwon lafiya na matakin farko. A watan Satumba na 1978 wakilan ƙasashe 134 suka taru a birnin Alma-Ata, a ƙasar da a ke kira Kazakistan yanzu, bisa gayyatar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, suka yarda cewa wannan aiki shi ne tushen lafiyar jama'a, suka kuma sa wa kansu burin kowa ya same shi kafin shekara ta 2000. Shekara ta 2000 ta zo ta wuce, burin bai cika ba.

Dalilin rashin cikarsa kuwa, da yawa daga cikinku sun gan shi da idonsu. Ga ginin nan a tsaye, ga allo an rubuta sunansa, amma in ka kai mara lafiya da dare sai ka tarar da kwaɗo a ƙofa. In ka yi sa'a ka sami malamin asibitin, sai ya rubuta maka takarda ya ce ka je kanti ka sayo, don maganin da aka aiko ya ƙare tun watan jiya. Shi kansa malamin ba lalle mugun mutum ba ne. Albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, babu mai zuwa duba aikinsa, in ya yi ƙwazo ba a ƙara masa, in ya yi lalaci ba a rage masa. Wanda ke shugabancinsa kuma ba shi da ikon ya sallame shi, ko ya sayi kwalbar magani guda ba tare da takarda ta je babban birni ta dawo ba.

To, duk wanda ya taɓa noma ya san bambancin ɗaukar ma'aikaci da yini da ba shi jinga. Mai aikin yini, in rana ta faɗi ya ci ladansa, ko ya gama kunya goma ko ya gama biyu. Mai jinga kuwa an nuna masa iyakar gonar, an yanka masa kuɗi, ba zai karɓa ba sai aiki ya kammala. Masu wannan dabara cewa suka yi, bari a mai da aikin ɗakunan magani ya zama na jinga. Ɗakunan suna nan a matsayin mallakar Gwamnati, kuɗin ma daga hannunta ya ke fitowa, ko nata ne ko na taimako daga waje. Abin da ya canja shi ne mai riƙe da aikin.

Ga yadda a ke yi. Ma'aikatar Lafiya takan fara rubuta jerin ayyukan da ta ke so a yi wa jama'ar wata gunduma. Sa'an nan ta yi shela, ƙungiyoyi su kawo takardunsu, kowace ta faɗi yadda za ta yi aikin da abin da za ta karɓa. A zaɓi guda, a ƙulla yarjejeniya ta shekara uku ko huɗu. A cikin yarjejeniyar akan sa ma'auni, misali a ce yau yara 30 cikin 100 ne ke samun cikakkiyar allurar rigakafi a gundumar, ana so su kai 70 kafin wa'adi ya cika. Daga baya a aiko waɗansu mutane dabam, waɗanda ba na ƙungiyar ba, su bi gida gida su ƙidaya. In an cika alkawari a sabunta yarjejeniya, in ba a cika ba a karɓe aikin a ba wani. Kowa ya ci ladan kuturu, lalle ya yi masa aski.

A baki kam maganar tana da daɗi. Amma a ilmin kimiyya ba a karɓar magana don daɗinta, sai an gwada. Gwajin da ya fi kowane suna kuwa an yi shi ne a ƙasar Kambodiya, can kudu maso gabashin Asiya, tsakanin Tailan da Biyetnam.

Kambodiya ta sha wuya ƙwarai. Daga 1975 zuwa 1979 tana ƙarƙashin mulkin 'yan Khmer Rouge, waɗanda suka yi ta kashe masu ilmi, har ya zama lokacin da mulkinsu ya faɗi likitocin da suka rage a ƙasar duka ba su kai 50 ba. Shekara ashirin bayan haka, ɗakunan maganin Gwamnati na ƙauyuka suna nan kusan wofi. In ciwo ya kama mutum sai ya tafi wurin mai tallar ƙwayoyi a kasuwa ko wurin boka, sau da yawa ma sai ya sayar da saniya ko gona kafin ya biya.

A 1999 Gwamnatin ƙasar, da rancen da ta samu daga Bankin Raya Ƙasashen Asiya, ta fara gwajin. Abin da ya sa masana ke girmama wannan gwaji shi ne yadda aka zaɓi gundumomin. Ku ɗauki misalin manomin da ke so ya san ko takin zamani na da amfani. In ya zuba shi a fadama ya bar jigawa babu, in amfanin fadama ya fi, ba zai san ko takin ne ko ƙasar ce ba. Sai dai ya raba gona guda gida biyu, ya jefa ƙuri'a ta nuna masa ɓangaren da zai sa wa taki. Haka aka yi a Kambodiya. Aka ɗauki gundumomi 12, ƙuri'a ta raba su kashi uku. Kafin a fara kuma, tun a 1997, an bi gidaje an rubuta halin da a ke ciki, don a sami abin kwatantawa daga baya.

Kashi na farko aka ce a ba ƙungiya cikakken iko: ta ɗauki ma'aikata, ta sallame su, ta yanka musu albashi, ta sayo magani da kanta. Kashi na biyu aka ce ƙungiya ta shigo ta shugabanci aikin kurum, ma'aikata suna nan na Gwamnati, magani ma ta hanyar Gwamnati zai zo. Kashi na uku aka bar su a hannun Gwamnati yadda su ke. A gundumomi uku ba a sami ƙungiyar da ta cancanta ba, saboda haka a ƙarshe gundumomi 5 ne aka ba da jingarsu, 2 da cikakken iko, 3 da ikon shugabanci.

Me ƙungiyoyin suka yi da suka karɓa? Babu wani sabon magani da suka ƙago. Galibinsu sun ƙara wa ma'aikata kuɗi, waɗansu suka haɗa ƙarin da yawan aikin da mutum ya yi. A waɗansu gundumomin an sa sharaɗi cewa wanda ya karɓi ƙarin ba zai riƙa duba marasa lafiya a gidansa yana karɓar kuɗi ba. Suka riƙa zagayawa suna duba ɗakunan maganin a kai a kai, suka kuma tabbata akwai mai kwana a wurin.

A 2003 aka sake bin gidaje. Masanan da suka yi nazarin lissafin suka ga cewa abubuwan da aka rubuta cikin yarjejeniya sun ƙaru ƙwarai in an kwatanta da gundumomin da ba a taɓa ba. A cikin kowane yara 100, an sami ƙarin wajen 40 da suka sha sinadarin bitamin A, wanda ke kare yaro daga dundumi da makanta, yana kuma ƙara masa ƙarfin jure wa ƙyanda. A cikin kowane mata masu ciki 100, an sami ƙarin fiye da 30 da suka je awo. Fashin ma'aikata ya ragu, ɗakunan da ke buɗe dare da rana suka ƙaru. Wani abin kuma da ya shafi aljihun talaka kai tsaye, kuɗin da iyali ke kashewa wajen neman magani ya ragu, don mutane sun bar masu tallar ƙwayoyi sun komo ɗakin magani.

Amma fa akwai abu biyu da wajibi ne mu faɗa. Na farko, abubuwan da ba a rubuta cikin yarjejeniya ba, ba su canja sosai ba. Wannan ma manomi ya san shi: in ka ce wa mai jinga ya nome maka gona, ba ka ambaci gyaran shinge ba, kada ka yi tsammanin ka tarar ya gyara. Na biyu, gundumomin da aka ba da jingarsu sun sami kuɗin Gwamnati fiye da sauran, musamman waɗanda aka ba cikakken iko. Saboda haka yana da wuya a rarrabe nawa ne daga cikin nasarar ya zo daga kyan shugabanci, nawa ne ya zo daga ƙarin kuɗi. Ita Kambodiya kanta, daga 2009 sai ta juya dabarar, ta riƙa ƙulla irin wannan yarjejeniya da ma'aikatanta na gunduma, ƙungiyoyin suka koma masu ba da shawara.

Ƙasar da ta fi kowace dogara ga wannan hanya ita ce Afganistan. A 2002, bayan fiye da shekara ashirin ana yaƙi, wani bincike ya nuna cewa a cikin kowace haihuwa 100,000, mata wajen 1,600 ke rasuwa. A wata gunduma ta kan duwatsu a lardin Badakshan adadin ya kai 6,500. Ma'aikatar Lafiya ba ta da ma'aikata ko motoci ko kuɗin da za ta kai ga ƙauyuka, ɗan aikin da a ke yi ma yawancinsa ƙungiyoyin agaji ne ke yi, kowace a inda ta ga dama, yadda ta ga dama.

A 2003 Ma'aikatar ta rubuta jerin ayyuka guda ɗaya wanda ko wane ɗakin magani zai yi, ta ba lafiyar mata da yara fifiko. Sa'an nan aka rarraba ƙasar ga ƙungiyoyi, lardi lardi. Daga cikin larduna 34, ƙungiyoyi suka riƙe 31, Ma'aikatar ta riƙe 3 da kanta, watau Kapisa da Parwan da Panjshir. Bankin Duniya da Amurka da Tarayyar Turai su ne suka ɗauki nauyin biya. Daga 2004 kuma aka sa masana daga Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka tare da wata cibiya ta Indiya su riƙa zagaya ɗakunan magani fiye da 600 kowace shekara, suna ba su maki a kan abubuwa 29, kamar ko akwai magani, ko kayan aiki na da lafiya, ko ma'aikaci ya duba mara lafiya yadda ya kamata, ko an biya albashi a kan lokaci. Da ya ke a can mace ba ta yarda namiji ya duba ta, an matsa wa ƙungiyoyi su nemo ma'aikata mata, aka kuma buɗe makarantun koyon ungozoma a larduna, a ɗauko yarinya daga ƙauye a koya mata ta koma ƙauyensu. A 2003 haihuwa 14 ne kawai cikin 100 ƙwararre ke karɓa. A 2015 sun kai kamar rabi.

Wannan ci gaba ne babba. Sai dai zanen aro ba ya rufe katara. A watan Agusta na 2021, da 'yan Taliban suka karɓi mulki, masu ba da kuɗin suka dakatar da biya. Ɗakunan magani fiye da 2,300 ne ke rataye da wannan kuɗi. Kafin watan Satumba ya ƙare, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwa cewa 17 ne kurum cikin 100 ke aiki sosai. Ma'aikata suka yi watanni babu albashi, magani ya ƙare. Sai da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka shiga tsakani, suka riƙa biyan ƙungiyoyin ba ta hannun Gwamnati ba, sa'an nan aikin ya farfaɗo. A 2025 kuma, da Amurka ta yanke taimakonta, ɗaruruwan ɗakunan magani suka rufe.

Ba Afganistan kaɗai ta ga irin wannan ba. Gwatamala, a tsakiyar nahiyar Amurka, ta fara ba ƙungiyoyi jinga a 1997, shekara guda bayan ƙarewar yaƙin basasarta, suna kai ziyara ƙauyukan kan duwatsu wata wata. Miliyoyin mutane suka dogara da su. Bayan an daɗe ana ƙorafi a kan jinkirin biya da zargin almundahana, sai Gwamnati ta soke shirin tsakanin 2014 da 2015, alhali ba ta gama tanadin abin da zai maye gurbinsa ba. A Pakistan kuwa, a 2003, an danƙa ɗakunan magani 104 na gundumar Rahim Yar Khan ga wata ƙungiya ta raya karkara. Masu zuwa neman magani suka ƙaru sosai, don yanzu akwai likita akwai ƙwaya, amma aikin rigakafi bai ci gaba kamar haka ba, domin masu yin allurar ba a ƙarƙashin ƙungiyar su ke ba.

Masu sauraronmu na zangunan Gana, da na Kamaru da Cadi, sun san wani irin wannan haɗin gwiwa wanda ya girmi duk waɗanda muka ambata, watau asibitocin mishan. A Gana tun 1967 asibitocin coci suka haɗu cikin ƙungiya guda mai suna CHAG, Gwamnati kuwa tana biyan albashin da yawa daga cikin ma'aikatansu, su kuma suna duba kowa ba tare da tambayar addininsa ba. Wani bincike da masanan makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Antwerp, a Beljiyam, suka yi a Kamaru da Cadi da Tanzaniya da Uganda, aka buga a 2009, ya nuna inda irin wannan yarjejeniya ke samun cikas. Sau da yawa Gwamnati ce ba ta cika nata alkawarin, kuɗi ba ya zuwa a kan lokaci, ma'aikatan da ta ce za ta aiko ba su iso ba, waɗansu shugabannin gunduma ma ba su taɓa ganin takardar ba. In haka ta faru, asibitin yakan ƙara kuɗin da ya ke karɓa daga marasa lafiya, nauyin ya komo kan talaka.

To, mene ne hukuncin masana? Ba su haɗu a kan baki ɗaya ba. A 2005 waɗansu masana biyu na Bankin Duniya suka duba misalai goma, suka rubuta a mujallar likitoci ta Lancet cewa dabarar tana kawo gyara da sauri. A 2018 kuwa masanan ƙungiyar Cochrane, waɗanda aka san su da tsanani wajen tace hujja, suka tarar bincike biyu ne kaɗai suka cika sharuɗansu, na Kambodiya da na Gwatamala. Amfanin da suka fi amincewa da shi shi ne dabarar tana rage kuɗin da iyali ke kashewa. A sauran fannoni suka ce bambancin kaɗan ne, ko kuwa hujjar ba ta isa ba tukuna.

In muka tattara duka, za mu ga sharuɗa huɗu da aikin ke tsayawa a kansu. Na ɗaya, a rubuta abin da a ke so filla filla, har da rigakafi, har da mutanen ƙauyukan nesa, don mai jinga yakan fara da gefen gonar da ke bakin hanya. Na biyu, a ba ƙungiyar iko na gaske a kan ma'aikata da magani, in ba haka ba an ɗora mata kaya an ɗaure mata hannu. Na uku, mai ƙidaya ya zama dabam da mai aiki, ya kuma shiga gidaje ya tambayi mata, kada ya tsaya ga littafin ɗakin magani, domin inda a ke biya bisa lissafi lalle a sami mai ƙara sifiri. Na huɗu, kuɗin ya zama mai ɗorewa, a kuma biya a kan lokaci. Ku lura, uku daga cikin huɗun nan aikin Gwamnati ne. Wanda ya ba makiyayi kiwon shanunsa bai huta da zuwa ruga yana ƙirga su ba.

Akwai darasi a nan ga 'yan'uwanmu mazauna ƙasashen waje, waɗanda kan haɗa kuɗi cikin ƙungiyoyinsu su gina wa garinsu ɗakin magani. Aiki ne na lada, Allah ya saka. Amma abin da muka ji yau ya nuna gini shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Kafin a aza tubali na farko, ya kamata a zauna da hukumar lafiya ta wurin a rubuta wa zai kawo ma'aikata, wa zai biya su, daga ina magani zai riƙa zuwa, wa zai riƙa dubawa, kuma ina za a kai mai naƙuda in abin ya gagara. In kuwa kana zaune a inda wata ƙungiya ke riƙe da ɗakin maganin unguwarku da sunan Gwamnati, kana da haƙƙin ka tambaya waɗanne ayyuka ne aka ce kyauta ne, da wurin da a ke kai kuka in an karɓi kuɗi a kansu.

Nan za mu dakata a yau. In wani daga cikinku ya ga irin wannan shiri a inda ya ke zaune, ko ya yi kyau ko bai yi ba, muna so ya rubuto mana ya gaya mana abin da ya gani, za mu karanta wasiƙarsa a cikin shirin. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi bayanin yadda a ke ajiye allurar rigakafi cikin sanyi tun daga inda aka yi ta har ta isa hannun yaro a ƙauye.